Amsar Wasiƙunku: Yaro Ya Ci Jarrabawar Kasuwanci, Jarin Uba Ya Narke

Yau wasiƙa biyu kaɗai za mu ɗauka, domin magana ɗaya suke yi. Ɗaya ta fito daga bakin uba, ɗaya kuma daga bakin ɗaliba.

Ta farko wani dattijo ne daga ƙasar Auyo, manomi kuma mai sayen shinkafa, ya sa aka rubuta masa, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ga taƙaitaccen abin da ya ce. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya sa babban ɗansa a makarantar koyon kasuwanci. Yaro ya yi shekara biyu ya fito da difloma, sakamako mai kyau ƙwarai, har an sa takardar a gilashi an rataye a zaure. Da ya dawo gida sai uban ya danƙa masa littafin sito da kuɗin ciniki, shi kuwa ya koma ya ji da gona. Bayan wata biyar lokacin sayen taki ya zo, ya ce a kawo kuɗi. Yaro ya buɗe littafi ya nuna masa riba mai kauri a rubuce, amma da aka buɗe akwati babu abin da zai sayi buhu goma na taki. Kaya sun fita bashi, waɗansu masu bashin ma ba a san ƙauyensu ba. Da ya tambaye shi nawa buhu ɗaya na shanshera ya tsaya musu daga shuka zuwa sito, sai yaro ya kama zuba Turanci, amma lamba ba ta fito ba. To, yanzu ƙanwar yaron ta sami gurbin karatu, ita ma kasuwancin take so ta karanta. Tambayar Baba ita ce: ya bar ta ta tafi, ko kuwa ya tattara kuɗin ya sayi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ya san dai ya tsira da wani abu?

Ta biyu saƙon waya ne daga wata ɗaliba 'yar Malam Madori, tana shekarar farko ta difloma a fannin kasuwanci. Mahaifiyarta sana'ar gumi take yi, watau ta sayi shanshera ta turara ta kai inji ta sayar da tsaba. Ɗalibar ta ce ita tana so ta gane karatun, amma ta lura duk wanda ya haddace takardun darasi, waɗanda suke kira handawut, ya mayar da su a jarrabawa kalma da kalma, shi ne yake samun maki. Ta ce ta taɓa ba da amsa da misalin sana'ar mahaifiyarta, sai ta ga makinta bai kai na mai hadda ba. Tana tambaya, shin ta bi yarima ta sha kiɗa ne, ko ta dage?

Baba, da kai zan fara, Allah ya ƙara girma. Da farko Allah ya mayar da alheri. Shanun huɗa biyu ba ƙaramin abu ba ne a gidan manomi, kuma duk wanda ya san yadda ake kiwon bijimi har ya isa ɗaukar garma ya san abin da ka sadaukar. Ba ka faɗi sunan makarantar ba, kuma ba mu da buƙatarsa, domin wannan ciwo ba na makaranta ɗaya ba ne.

Ɗanka bai yi maka ƙarya ba, ka fara sa wannan a ranka. Ya ci jarrabawar da aka yi masa. Abin dubawa shi ne, me jarrabawar ta auna? Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai an karantar da mu wani tsani wanda wani malami Ba'amurke mai suna Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka tsara a 1956. Suka ce sani hawa shida ne. Hawan ƙasa shi ne ka tuna abin da aka gaya maka. Na sama da shi ka gane, har ka iya faɗinsa da bakinka, da kalmominka. Na uku ka ɗauke shi ka yi aiki da shi a wurin da malam bai taɓa ba ka misali ba. Haka ake ta hawa, har a kai ƙololuwa inda mutum zai auna abu biyu ya yanke hukunci wanne ya fi. To, yawancin tambayoyin jarrabawa a hawan ƙasa suke zaune: kawo ma'anar kaza, lissafo abubuwa biyar na kaza. Kai kuwa Baba, ranar da ka tambayi farashin buhu, daga hawa na uku ka jefo tambayarka. Yaro bai taɓa taka wurin ba.

Me ya sa haka? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Malami ɗaya ne a gaban ɗalibai ɗaruruwa, kuma shi zai duba takardunsu duka cikin 'yan kwanaki, saboda haka tambayar da amsarta ɗaya ce tak ta fi masa sauƙin dubawa. Littattafan kuma misalansu na kamfanonin Ingila da Amurka ne, in an matso kusa a ce Ikko. Sa'an nan ga Turanci. Yaron da Turancinsa bai nuna ba, in ya ga jimla ta fi ƙarfinsa, haɗiye ta yake yi ɗungurungum kamar ƙwayar magani, ya amayar ranar jarrabawa, bayan mako biyu ko ƙanshinta babu. Wannan shi ne karatun aku. Amma kada mu ɗora wa malamai kaya mu tafi hannu na dukan cinya. Mu iyaye ma da namu. Tun yaro yana firamare, in ya dawo da sakamako tambaya ɗaya muke yi masa: na nawa ka zo? Da wuya ka ji uban da ya ce, zauna ka gaya mani abin da ka koyo. Yara kuwa suna da wayo, abin da suka ga ana tambaya shi suke kawowa.

Yanzu bari mu yi lissafin da yaron ya kasa, domin masu sauraro su ga ba wani tsafi ba ne. Lambobin nan misali ne kawai na ɗauka don sauƙin lissafi, kowa ya sa nasa. Mu ce ka yi noman rani ka sami buhu 40 na shanshera, ka sayar da kowane buhu naira 30,000. Kuɗi ya kama 1,200,000. Abin da ka fitar daga aljihu, iri da taki da maganin feshi da fetur da 'yan ƙodago da yanka da bugu da buhu da dako, mu ce 800,000. Yawancinmu nan muke tsayawa mu ce alhamdu lillahi, an ci ribar 400,000. To, tsaya tukuna. Injin ban ruwan da ka ja ruwa da shi ka saye shi 240,000, kuma ka san rani huɗu zai yi ya zama sai gyara kullum. Ashe kowane rani yana cin 60,000 daga jikin injin, ko da ba ka ga kuɗin sun fita ba. Gonar taka ce, ba ka biya haya ba, amma da ka ba wani haya da ka karɓi 100,000 kana kwance a ɗaki. Kai da 'ya'yanka biyu kun yi wata huɗu cikin taɓo da sauro, da wani kuka yi wa wannan aiki da ya biya ku, mu ce 150,000. In ka cire waɗannan uku, abin da ya rage 90,000 ne. Ita ce ribar gaskiya. Buhun da kake tsammani ya tsaya maka 20,000, ashe ya tsaya 27,750. Ranar da mai saye ya taya 25,000 ka sallama kana murna, faɗuwa ka yi ba ka sani ba.

Wallahi Baba, duk abubuwan nan uku suna cikin littafin ɗanka. Tsufan inji yana da sunansa na Turanci, abin da mutum ya rasa don ya zaɓi wani abu ya bar wani shi ma yana da nasa, kuma na tabbata ya rubuta ma'anarsu a jarrabawa an ba shi maki. Abin da ba a taɓa sa shi ya yi ba shi ne ya dubi injin da ke ƙofar gidanku ya ce, af, ashe kai ake nufi.

Batun bashin kuwa shi ya fi ba ni tausayi, domin a nan ne littafi yake yaudarar mai rabin sani. A ƙa'idar akanta, in ka sayar da kaya ana rubuta ciniki ranar da kaya suka fita, ko an biya ko ba a biya ba. Wannan daidai ne, haka ake yi ko'ina. Amma ƙa'idar ba ta tsaya nan ba. Ta ce a buɗe wa masu bashi shafinsu dabam, a riƙa duba wanda bashinsa ya tsufa, a kuma riƙe lissafin tsabar kuɗin da ke shiga da fita shi kaɗai, domin mai taki ba ya karɓar shafin littafi. Yaro ya riƙe rabin farko ya saki na biyu. Kowace tsohuwa mai sayar da ƙuli a bakin kasuwa ta san wannan rabi na biyun, ko da ba ta san alif ba. Ta san uwar kuɗi dabam, riba dabam, kuma ta san wanda in ya ci bashi sai dai a haɗu a lahira.

Ku dubi 'yan kasuwar kifi ta Haɗeja, masu ɗaure banda a kwali ana lodi zuwa Kudu. Akwai wanda jarinsa 100,000 ne, ribar 5,000 kacal yake ɗorawa, amma kowane mako sai kuɗinsa sun juya sun dawo. A mako 12 ya tara 60,000. Ga wani can mai jari irin nasa, ya ce shi ba ya sayarwa sai da ribar 20,000, ya ba da kaya bashi, kuɗi ba su dawo ba sai bayan wata uku. Wa ya fi wani? A makaranta wannan babi ne guda mai dogon suna da alƙaluma. A kasuwa kuwa yaron shago yakan gane shi kafin gemu ya fito masa, saboda in bai gane ba maigida zai gane da shi.

Na san abin da waɗansu za su ce yanzu a majalisa: to ai shi ke nan, boko ba shi da amfani a kasuwa, Alhassan Ɗantata wace makarantar kasuwanci ya yi? Gaskiya ne bai yi ba, kuma da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Amma ku tuna shekarun da ya yi yana fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja kafin zamanin gyaɗa. Makaranta ce wannan, mai tsanani ma, wadda in ka faɗi jarrabawarta jarinka ne yake tafiya. Sa'an nan kasuwar da ya yi ba ita ce ta yau ba. Manomin yau yana sa hannu a takardar bashin banki, kamar yadda dubbai suka yi a shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers wanda aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, da yawa ba su karanta abin da suka sa wa hannu ba. Ɗan kasuwar yau ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da ciniki ya koma ta waya da na'urar POS, kuɗin shago da na cefane suka cakuɗe a asusu ɗaya. Ya ga cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wanda ya sauya lissafin duk mai jan ruwa da inji. Ya ga hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, lokacin da mutum zai sayar da kaya da riba, ya koma sari ya tarar kuɗin ba za su sayo masa yawan kayan da ya sayar ba. Sa'an nan a 2025 farashin hatsi ya faɗo, waɗanda suka cika sito da tsada suna jiran bazara suka kwana ciki. Gidan da yake da yaro ko yarinya mai gane waɗannan abubuwa, mai iya karanta takarda ya ce Baba kada ka sa hannu a nan, ba ƙaramar garkuwa gare shi ba.

Bari in ba ku labarin abin da lissafi na fahimta ya taɓa yi wa wannan fadama tamu. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992, dukansu a saman kogin da yake shayar da mu. Lissafin da aka yi wajen gina su na buhunan da za a noma a manyan gonakin ban ruwa ne, irin na Kadawa. A farkon shekarun 1990 waɗansu masana tattalin arziki, cikinsu har da wani mai suna Edward Barbier, suka zo suka yi wata tambaya mai sauƙi: ruwan nan da ake tarewa a sama, da an bar shi ya malalo fadamar Haɗeja da Nguru, me yake samarwa? Suka ƙirga noman fadama, suka ƙirga kifi, suka ƙirga itacen girki. Sakamakon da aka buga a 1993 ya nuna amfanin da ruwa yake bayarwa a fadama ya ninka wanda ruwa mai yawansa yake bayarwa a aikin ban ruwa na sama, ninki ba kaɗan ba. Kuma ko kiwon dabbobi da ruwan da yake sauka ƙasa ya cika rijiyoyi ba su sa a lissafin ba. Ilmin da suka yi aiki da shi shi ne dai wanda ke cikin handawut ɗin ɗanka, watau kafin ka ce abu ya yi riba sai ka ƙirga abin da aka rasa dominsa. Su sun ɗauke shi sun shiga kwalekwale da shi.

Kai ma Baba malami ne a wannan fanni, ba ka dai sani ba. Me ya sa kake shuka gero a tudu, shinkafa a fadama, in ruwa ya janye ka bi sawunsa da wake, ga 'yan tumaki a gida, wani lokaci ga koma a rataye? Saboda ka ga ambaliyar 2020 da ta 2022, ka ga yadda kacala take toshe hanyar ruwa ta juya shi inda ba a zata ba, ka ga jan-baki sun tashi daga cikinta sun share gona da hantsi. Ka san in ɗaya ta ƙi, ɗaya za ta riƙe gida. Masu digiri suna da babi sukutum a kan raba jari don rage hatsari. Kai ka iya aikin, ɗanka ya iya sunan, kuna gida ɗaya, amma ba ku taɓa zama kun haɗa su ba.

Saboda haka ga shawarata. Kada ka karɓe littafin daga hannun yaron, kuma kada ka riƙa yi masa gori a gaban ƙannensa. Kunyar da ya ji ta isa. Amma kada ka sake sakar masa akwati ka tafi gona. Kowace Juma'a da yamma ku zauna, ya karanta maka lissafi da Hausa, ba da Turanci ba: nawa ke akwati, nawa ke hannun mutane da sunan kowa da ranar da ya ɗauka, kaya nawa suka rage a sito. In ya faɗi kalmar da ba ka gane ba, ka ce ya fassara. In ya kasa fassarawa, shi ma bai gane ba, sai ya koma littafinsa ya duba, kuma a wannan karon zai karanta shi da wani ido dabam. Bashin da ya bayar kuma shi zai bi, ƙafa da ƙafa, ƙauye ƙauye. Abin da zai koya a wannan yawon ba ya cikin kowace manhaja.

Batun injin hasken rana kuwa, ai ga jarrabawa ta zo har gida. Ka ba shi mako biyu ya kawo maka amsa a rubuce: nawa kuke ƙonawa a fetur kowane rani, nawa injin yake da allunansa da kafawa, rani nawa zai yi kafin kuɗin fetur da aka huta saye su biya shi, wa zai gyara in ya lalace, kuma ina za a ajiye allunan in ruwa ya taso ko ɓarayi suka sa ido. Ya je ya tambayi waɗanda suka riga suka saya, kada ya tsaya ga bakin mai sayarwa. In ya kawo amsar da ta gamsar da kai, shanunka ba su tafi a banza ba. Mai yiwuwa ma lissafin ya nuna injin zai iya jira zuwa baɗi, ko ya nuna rarar fetur ɗin ce za ta riƙa biyan kuɗin makarantar yarinya.

Ita kuwa yarinya, ni dai a ganina ka bar ta ta tafi. Ba ita ta ba da kaya bashi ba, bai kamata a yanke mata hukunci da laifin wanta ba. Kuma yanzu makarantu sun matso kusa. Ga kwalejin Binyaminu Usman a nan Haɗeja, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa wadda aka kafa a 2013, ga jami'ar tarayya da kwalejin fasaha a Dutse, ga Hussaini Adamu a Kazaure. Duk inda ta samu a cikin jiha, hutu ba zai gagare ta zuwa gida ba. Sai dai ka sa mata sharaɗi tun ran gini: duk hutun da ta zo, kafin ta nuna maka takardar sakamako, ta zauna ta bayyana maka abu ɗaya da ta koyo, da Hausa, da misalin gonarka ko sitonka.

To, ƙanwata ta Malam Madori, na dawo gare ki. Ba zan ce miki maki banza ne ba, domin in na faɗi haka na cuce ki. A tsarin kwalejojin fasaha, wanda hukumar NBTE mai hedkwata a Kaduna take kula da shi, ana auna sakamako a kan 4.00. Daga 3.50 zuwa sama shi ne matakin ƙoli, kuma galibi sai mai 2.50 zuwa sama ake ɗauka kai tsaye zuwa babbar difloma bayan shekarar sanin makamar aiki. Masu ɗaukar ma'aikata ma takarda suke fara dubawa kafin su ga fuskarki. Saboda haka ki nemi makinki da gaske, ban da satar amsa, ban da bin malami ofis da roƙo.

Amma ki sauya jerin aikin. Yawancin ɗalibai hadda suke fara yi, su ce in an gama jarrabawa sa gane, kuma ba sa komawa. Ke ki fara da ganewa. In an yi darasi yau, da dare ki rufe takarda ki faɗa wa kanki da Hausa abin da aka ce. Sa'an nan ki nemo shi a sana'ar Inna. Ki auna da kanki, buhun shanshera kwano nawa ne, in an turara an shanya an kai inji kwano nawa na tsaba yake fitowa, nawa ne gutsattsari, dusar nawa ake sayenta. Ki sa kuɗin itace da ruwa da inji da ɗan dako, ki sa ladan wahalar Inna ita kanta, wadda na tabbata ba ta taɓa sa wa kuɗi ba. Daga nan ki fitar da farashin da in ta sayar ƙasa da shi ta faɗi. In kin yi wannan sau ɗaya da hannunki, babin nan ya zauna ke nan, kuma za ki ga haddar kalmomin malam ta zo da sauƙi, domin kin san abin da kowace kalma take ɗauke da shi. A ɗakin jarrabawa ki fara ba malam ma'anar yadda ya koyar, ya ga abin da yake nema, sa'an nan ki biyo da misalinki a ƙasa. Malamai da yawa suna jin daɗin ganin haka, gajiya ce da yawan takardu suka sa ba sa nema. In kuma kin gamu da wanda ya rage miki maki biyu saboda kin yi tunani, ki bar masa, ba za su hana ki komai ba.

Kada ki ɗauka wannan dabara ta ƙauye ce. A makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harbad a Amurka, wadda ake ji da ita a duniya, tun shekarun 1920 hanyar koyarwarsu ita ce a ba ɗalibi labarin wani kamfani na gaske da matsalar da ya shiga, a ce kai ne mai shi, me za ka yi? A yi ta muhawara a aji, kuma kaso mai yawa na makin ɗalibi daga wannan muhawara yake fitowa. Su sai an rubuto musu labarin an buga an sayar musu. Ke naki yana tsakar gida, tukunya tana tafasa.

Sai shekarar sanin makamar aiki da za ki yi bayan ƙaramar difloma. Na san yadda ake yi, a nemi ofishin wani ɗan uwa, a riƙa leƙawa ana gaisawa, ƙarshen shekara a buga hatimi a ce an yi. Kada ki yi wa kanki haka. Ki nemi wurin da kaya suke shiga suna fita da gaske, ko injin casar shinkafa, ko wurin masu sayen riɗi da zoɓo, ko ƙungiyar mata masu adashi da rance, ko kantin sari. Ki roƙa a bar ki kusa da mai riƙe littafi. Ki lura da wa ake ba bashi, wa ake hanawa, kuma ki tambayi dalili in maigida yana cikin nishaɗi. Ki sayi ɗan littafi na daban ki riƙa rubuta farashin shanshera da na tsaba kowace ranar kasuwa, daga kaka zuwa kaka, ki kawo wa Inna ta ga watan da ya kamata ta saya da watan da ya kamata ta saki.

Baba na Auyo, in yaro ya kawo lissafin injin, ka sa a aiko mana da shi, za mu karanta a wannan fili ba tare da suna ba, domin na san manoma da yawa suna wannan shawara a zuci. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki wasiƙun da suka taru a kan kacala da hanyoyin ruwa, musamman na mutanen Kirikasamma da Guri. A ci gaba da aiko mana.